Irin Mutanen da Za a Zaɓa Su Riƙe Ƙungiyar Tausayin Dabbobi

Duk wanda ya je kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ya san arzikin ƙasar Daura a kan dabbobi ya ke. Shanu ke huɗa, jakuna ke kai taki gona, su ɗebo ruwa. Amma a cikinsu akwai jaki mai gyambo ƙarƙashin akumari, da shanun da aka cusa a mota babu ruwa. Domin rage irin wannan wahala a kan kafa ƙungiyar tausayin dabbobi. Irinta wadda aka fi sani ita ce ta Ingila, da aka kafa a London a 1824.

Sa'ad da jama'a suka so kafa irinta, lalle za su nemi hakimi ya nuna musu waɗanda za su riƙe ta. Kada a ba da suna domin sarauta, ko dukiya, ko zumunta. Ga abin da za a duba.

Na farko, amana. Kuɗin ƙungiya na jama'a ne. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta hana a yi wa mutum rajista a cikin amintattun ƙungiya in yaro ne, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ce ya karye bai farfaɗo ba, ko wanda aka hukunta kan zamba cikin shekara biyar da suka wuce.

Na biyu, sanin dabba. A sa malamin dabbobi, wanda zai bambanta sammore da ciwon huhu. A haɗa shi da arɗo da sarkin pawa, gama maganarsu ce makiyaya da mahauta ke ji. Da haɗin kan irin waɗannan aka ci nasarar allurar bushiya, wadda aka yi babban gangaminta daga 1962, har a 2011 aka tabbatar cutar ta ƙare a duniya.

Na uku, iya alƙalami. A sami magatakarda mai rubuta abin da aka zartar a kowane zama, da ma'aji wanda ba ya fid da ko kwabo sai da rasit. Kada mutum ɗaya ya riƙe duka biyu.

Na huɗu, kada ribar mutum ta ci karo da aikin. 'Yan kasuwa sun daɗe suna sayen jakuna a Arewa domin fatarsu, wadda a ke dafawa a yi magani a ƙasar Sin, har jaki ya yi wa talaka tsada. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin ƙasashen Afirka suka amince a Addis Ababa a hana yanka jakuna saboda fata. To, mai hannu a wannan ciniki ba zai zauna a kwamiti ba, ko da shi ya fi kowa kyauta. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na biyar, haƙuri da taushin harshe. Yawancin masu labta wa jaki kaya fiye da kima talauci ke sa su, ba mugunta ba. Mai iya lallashin mai jaki ya hutar da shi har miki ya warke ya fi mai saurin kai ƙara amfani. A kuma sa mace, domin awaki da kaji na cikin gida a hannun mata su ke.

Saboda haka, kafin hakimi ya aika da suna, ya tambayi dagaci da masu unguwa yadda mutumin ke riƙon dabbobin gidansa. Wanda dokinsa ke kwana da ƙishirwa ba zai tsare haƙƙin jakin wani ba. Magatakarda kuwa ya rubuta sana'ar kowa da dalilin zaɓensa, a ajiye a ofishin hakimi.