Kukan Na'ura a Ɗakin Gobe-da-Nisa



Duk wanda ƙaddara ta taɓa sa ya ɗauko ɗan'uwa ranga-ranga daga Ajingi, ya bi ta Gaya, ya haye gadar Wudil, har ya dangana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka shigar da maras lafiyar ɗakin nan da jama'a ke kira gobe-da-nisa, to ya san abin da ke fara tarar kunne a wurin shi ne kukan na'urori. Babbarsu ita ce mai hura wa mutum numfashi ta bututun da aka zura masa a maƙogwaro. Idan majina ta toshe bututun, ko maras lafiya ya yi tari, ko ya cije shi, sai ta yi ƙara. Haka nan idan bututun ya kwance, ko wuta ta ɗauke ta koma kan batir, tana kunna jar fitila ga lamari mai tsanani, rawaya ga wanda bai kai shi ba.

A shekarar 1952, da annobar shan-inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmark, ɗaliban likitanci ne suka riƙa matsa jakar roba da hannu dare da rana domin yara su numfasa, idon ɗalibi shi ne ƙararrawa. Yau na'ura ta karɓi aikin, amma ta zo da tata illar, domin wanda gidansa ke maƙwabtaka da injin niƙa, da sannu kunnensa kan daina jin injin; haka ma ma'aikatan ɗakin kan saba da kukan na'urori har su daina jin sa, musamman da yake galibin kukan nan ba ya nuna haɗari. A 2013 hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta bayyana mutuwar mutum 80 cikin lamura 98 masu alaƙa da ƙararrawar na'urori, tsakanin 2009 da 2012.

Ni dai ban kira wannan gafala ba. Gajiya ce ta ɗan Adam, kuma maganinta a saita na'ura daidai da halin kowane maras lafiya, a kuma wadata ɗakin da ma'aikatan jinya.

Kai kuma mai jinya, in an ba ka izinin shiga ka ji na'urar tana kuka, kada tausayi ya sa ka taɓa maɓalli don ɗan'uwanka ya samu barci. Ka kira nas cikin ladabi, ka nuna mata gadon.