Jirgin Da Ƙanƙara Ta Tsare: Littafin Da Ya Hana Ni Barci

Mu dai nan Birnin Kudu jaura ta sauko da ƙarfinta, hazo ya lulluɓe duwatsu, kowa sai neman man kaɗanya yake.

Na san kun saba mu tattauna littattafanmu na gida, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. To yau na ɗan sauya hanya. Wata ƙawata da ke koyarwa a Gwaram ce ta aiko mini da wani tsohon littafin Turanci, bangonsa duk ya sha jiki, ta ce tunda sanyi ya hana ni fita hira in gwada wannan. Sunansa Murder on the Orient Express, wato kisan kai a cikin jirgin ƙasa, wata Baturiyar Ingila Agatha Christie ta rubuta, ya fito a 1934. Kashi uku ne, na gama na farko na shiga na biyu, amma wallahi bakina ya kasa haƙuri sai na ba ku labari.

Gogan littafin wani ɗan sandan ciki ne mutumin Beljiyam, Hercule Poirot, ana kiran sunan Puwaro. Gajere ne mai uban gashin baki da son gayu. Ya taso daga Halab ta ƙasar Siriya ya iso Istambul, sai ga waya wai ya komo Landan da gaggawa. Lokacin tsakiyar hunturu ne da ba a cika tafiya ba, amma abin mamaki taragon a cike maƙil, da ƙyar ya sami gado. Gaskiya wannan farkon ya ɗan ja ni da nisa, sai da na daure.

A cikin jirgin wani attajiri Ba'amurke mai suna Ratchett ya tare shi, ya ce ana neman ransa, ya tsare shi a ba shi dala 20,000. Puwaro ya ƙi, dalilinsa kawai fuskar mutumin ba ta kwanta masa ba. A dare na biyu dusar ƙanƙara ta toshe hanya, jirgi ya tsaya cak a daji tsakanin Vinkovci da Brod, yankin da a lokacin yake cikin Yugosilabiya, yanzu kuwa ƙasar Kuroshiya ce. Gari na wayewa sai ga gawar Ratchett a kan gadonsa, an soke shi da wuƙa sau 12.

Nan fa tsigar jikina ta tashi. An bar tagar ɗakin a buɗe don a ce mai kisan ya dira ya gudu, amma ƙanƙarar da ke waje fes take, babu sawun kowa. Kun gane ko? Wanda ya yi aikin yana nan cikin taragon, ana shan shayi da shi. Mu a wajenmu sanyi haɗa mutane yake yi, a kewaye kaskon wuta ana gasa dankali ana tatsuniya. Ko mota ce ta lalace da ke da dare tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kin san in an jima wata za ta zo wucewa, ko mai babur. A can kuwa ƙanƙara ta zama kurkuku, ba shiga ba fita, babu 'yan sanda, sai Puwaro da wani likita Bagirke da babban ma'aikacin kamfanin jirgin. Marubuciyar ma ba ƙirƙira ta yi duka ba, don a 1929 ƙanƙara ta taɓa tsare wannan jirgin kwanaki a ƙasar Turkiyya.

Likita ya duba raunukan ya rasa ta cewa: wasu masu zurfi, wasu ɗan ƙarzane, wasu da hannun dama, wani kamar na bahago. Ga hankicin mace mai harafin H a ƙasa, ga agogon mamacin ya tsaya a ƙarfe 1:15. Alamun sun yi yawa har ki fara zargin da gangan aka zubar da su.

Amma 'yan uwa, abin da ya hana ni barci daban ne. Daga wata guntuwar takarda da aka ƙona Puwaro ya gano mamacin ba Ratchett yake ba, sunansa Cassetti, shi ne ya sace wata yarinya 'yar shekara 3, Daisy Armstrong, ya karɓi kuɗin fansa alhali ya riga ya kashe ta. Uwar tana da ciki, baƙin ciki ya sa ta haihu ba lokaci ba, ita da jaririn duk suka rasu. Uban ya harbe kansa. Yarinyar da ke rainonta, da aka ɗora wa zargi a banza, ta faɗo ta taga. Shi kuwa kuɗi suka fitar da shi daga kotu ya tsere. An ɗauko wannan ne daga abin da ya sami ɗan shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a Amurka a 1932, aka biya dala 50,000 amma gawar yaron aka tsinta.

Da na zo nan sai na ajiye littafin, na tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, wadda aka gano gawarta a Janairun 2022. Wace ce a cikinmu ba ta yi kuka ba? A waccan shari'ar kotu ta yanke hukuncin kisa a Yulin shekarar. A littafin kuwa kotu ta saki mai laifi, wani ya ɗauki doka a hannunsa, ga ni ina bin Puwaro muna farautarsa alhali rabin zuciyata ba ta so a kama shi. Na san ɗaukar fansa da hannu ba tarbiyyarmu ba ce, amma ku karanta ku ji yadda zuciya ke rabuwa biyu.

Masu neman soyayya, 'yar kaɗan ce: wata malama Mary Debenham da wani Kanar Arbuthnot suna yi kamar ba su san juna ba, alhali Puwaro ya ji suna magana ƙasa-ƙasa a wata tasha. Ni dai ban yarda da su ba. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne yadda ake yi wa mutane kuɗin goro da ƙabilarsu, wai tunda da wuƙa aka yi kisan to lallai ɗan Italiya ne.

'Yan makaranta, Turancin ba mai karya haƙori ba ne, yawanci tambaya da amsa ne, sai ɗan Faransanci jefi-jefi. Ki sami takarda ki rubuta sunayen fasinjojin, ki riƙa duba zanen taragon da ke ciki don sanin ɗakin kowa. An yi fim ɗinsa a 1974 da kuma 2017, don haka wadda ta kalla ko ta riga ni kai ƙarshe, don Allah in za ta rubuto wasiƙa ta riƙe sunan mai kisan a cikinta sai fitowa ta gaba.