Sanyin da ke Tona Asirin Surar Ƙwayoyin Sinadari

Ƙwayar sinadari ba ta san zama wuri ɗaya ba. A zafin da muke rayuwa cikinsa, kullum tana juyi, tana karkarwa, tana lanƙwashewa. Idan masani ya haska ta don ya ga launukan hasken da take sha, sai saƙon ya zo masa a cakuɗe, kamar mai neman jin muryar mutum guda a tsakiyar kasuwa ranar cinta.

A tsakiyar shekarun 1970, Richard Smalley da Lennard Wharton da Donald Levy na Jami'ar Shikago a Amurka suka gano bakin zaren. Ana gauraya tururin sinadarin da iskar hiliyom, a fesa ta wata 'yar mitsitsiyar kafa zuwa cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta. Feshin ya fi sauti gudu, yana bazuwa yana hucewa, har sanyinsa ya wuce digiri 260 ƙasa da sifili. Abin sha'awar shi ne ba ya daskarewa, domin ƙwayoyin sun yi wa juna nisa. Kowace na tafe ita kaɗai, a natse. Daga nan sai a harba mata hasken leza, layukan launinta su fito tsaf, a karanta surarta.

Dabarar ta yi rana wajen nazarin sinadaran kabon waɗanda ɗaurin guda da ɗaurin biyu ke bin juna a jikinsu. A irinsu, murɗewa kaɗan kan sauya launin da suke sha. Ɗauki bifenil, mai zobba biyu: a daskare zobban a shimfiɗe suke, amma a tururi ɗaya kan karkace da kimanin digiri 44. A daskare, ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da shi ne ke danne shi, shi ya sa dole a ware ƙwaya kafin a san halinta na gaskiya. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya ci kyautar Nobel a 1999, ya bi diddigin yadda stilbin, wani sinadarin irin waɗannan, ke murɗewa a cikin irin wannan feshi.

Wani zai ce mene ne ruwanmu? Ai da ruwanmu ƙwarai. A cikin idonka akwai retinal, ɗan wannan dangi ne. Haske na taɓa shi sai ya miƙe daga lanƙwasarsa, kuma wannan miƙewar ce matakin farko na gani. Da ita kake karanta wannan shafi yanzu haka.