Yadda ganɗar jariri ke haɗuwa a cikin mahaifa

Idan aka haifi jariri da tsagaggen leɓe ko ɓararriyar ganɗa a Badaguishiri ko ƙauyukan Illela, uwar ake fara tuhuma: wai ta fita da tsakar rana, ko ta yi gamo da iska. Alhali abin ya auku tun cikin bai fito ba, sau da yawa kafin ta je awon farko.

A mako na 6 ganɗa tsoka biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sun rataya a gefen harshe. Wajen mako na 8 harshe ya sauka, su kuma su ɗago, su miƙo wa juna kamar yadda magina ke ɗauko baka daga bango biyu su haɗe shi a tsakiya. Zuwa mako na 12 an rufe, hanci da baki sun rabu.

To wa ke ba da umarnin? Ƙwayoyin halittar ne ke aika wa juna saƙo. Kowace tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, amma saƙon da ya iso mata shi ke zaɓar abin da za a kunna a ciki. Tsokar ciki ta saki sinadarin FGF10, fatar da ta lulluɓe ta ta amsa da SHH, wannan kai-komon ya sa tsokokin su yi tsawo. Da sun taɓa juna sai TGF-beta 3 ya sa fatar tsakani ta narke. A 1995 masana sun cire ƙwayar gadon da ke samar da wannan sinadari daga ɓeraye: tsokokin suka haɗu, amma suka ƙi mannewa. A 2002 kuma aka gano cewa taɓuwar ƙwayar gado ta IRF6 tana sa tsagar ta bi dangi.

Hayaƙin taba, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da wasu magungunan farfaɗiya suna iya dagula saƙon. Mai farfaɗiya dai kada ta yanke magani da kanta, ta ga likita tun kafin ciki.

A duniya kusan jariri 1 cikin 700 ke zuwa da wannan tsaga, kuma tana ɗinkuwa: leɓe a wata 3 zuwa 6, ganɗa wajen shekara guda, kafin yaro ya buɗe baki. Asibitin yara na CURE a Yamai, da aka buɗe a 2010, yana wannan aiki. Kafin a yi ɗinkin abin tsoro shi ne yunwa, don jaririn ba ya iya zuƙar nono sosai. A tatsa a ba shi da cokali, yana zaune a miƙe, kaɗan-kaɗan, a kuma riƙa kai shi awon nauyi.