Hazo a Maraɗi, dusar ƙanƙara a Turai

Da zarar an kai damman hatsi rumbu, sai iskar gabas ta kama aikinta. Daga Disamba zuwa Fabrairu Maraɗi takan wayi gari cikin hazo, rana ta fito fara fat kamar wata, har mutum ya dube ta ido da ido. Mafi yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Manomi ya san ranar hazo, mai tari ma ya san ta. Direba ne kaɗai yake yi kamar bai gan ta ba.

Mai son shaida ya tsaya bakin hanyar Ɗan Isa da asubar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi. Amalanku na fitowa daga garaken Jiratawa ɗauke da zogale da tumatir da albasa, yawancinsu ba fitila, mai kora ya naɗe kai da kunnuwa saboda jaura, ba ya jin abin da ke bayansa. A kan kwaltar nan ce manyan motoci ke sauka zuwa iyaka, ga ƴan kabu-kabu suna kutsawa tsakani. Haka abin yake ta wajen Tsibiri, inda motocin Yamai ke isowa bayan tafiyar fiye da kilomita 600, direba da barci a ido.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Kafin ido ya gaya wa ƙafa ta taka birki an wuce wannan, kafin mota ta tsaya cak kuwa an ninka shi kusan sau uku. Idan hazo ya haɗu da duhun asuba, jakin da ke gaba ba ya bayyana sai an zo kansa. Wasu kan kunna babbar wuta su ce sun yi dabara, alhali ƙura ce ke maido musu hasken a ido. Ƙaramar wuta, wadda ake kira kod, ita ce ta hazo. Sannu ba ta hana zuwa, amma wa zai gaya wa mai motar haya da ke son lodi biyu kafin hantsi?

A ƙasashen sanyi ba hazo ne abokin gaba ba, dusar ƙanƙara ce, wadda ke zuba kamar auduga ta daskare bisa hanya, mota ta yi ta sulɓi ko an taka birki. Mutanen can ba su bar abin ga hankalin direba ba, doka suka yi masa. A Kebek ta ƙasar Kanada, tun 2008 tilas ne a sa tayar hunturu, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Faransa ta bi sahu a 2021: a garuruwan duwatsu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko tayar hunturu ko sarƙar da ake ɗaura wa taya. Hukuma kuma na fitowa tun da dare da motocin share hanya, tana watsa gishiri don ƙanƙara ta narke. Suwidin kuwa tun 1977 ta wajabta kunna fitila ko da rana tsaka, ba don direba ya gani ba, don a gan shi. A cikin dabarun nan duka, wannan ce Maraɗi za ta iya ɗauka gobe ba tare da kashe ko dala ba.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bakatsine ko Bagobiri da ƙanƙarar Turawa. Ruwansa na ƙarƙashin motarsa. Shekara da shekaru tsofaffin motocin Turai ta tashar Kwatano suka riƙa shigowa, Maraɗi ta zama zangonsu kafin da yawa su ƙetara Najeriya, tsofaffin tayoyi na biye da su. Gishirin da aka watsa can shi ne tsatsar da bakanike ke tararwa nan idan ya leƙa gindin mota, fenti na walƙiya a sama, ƙarfe ya ruɓe a ƙasa. Ma'aikacin da ya tara albashin shekaru don mota guda, ya kyautu ya durƙusa ya duba kafin ya biya.

Batun taya ya fi wannan nauyi. Tayar hunturu da roba mai taushi aka yi ta, don ta kama hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Zanenta mai zurfi ne, shi ya sa take cika ido wurin mai faci, mai saye ya ɗauka sabuwa ce ya samu da araha. Cikin ɗari ba ta nuna halinta. Sai Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kwalta ta ɗauki wuta, robar ta ƙara laushi, ta cinye da wuri, birki ya ƙara nisa, balle an ɗora wa mota buhunan wake fiye da ƙarfinta.

Gane ta ba ya buƙatar karatun lise. A gefen tayar akwai hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa. Kusa da nan, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun baya shekara. Tayar da aka rubuta wa 3514 an yi ta a mako na 35 na shekarar 2014, komai baƙin da man goge ya sa ta yi.