Yadda Ake Shimfiɗa Ciyawa a Harabar Makaranta da Yadda Ake Kula da Ita

Duk baƙon da ya shigo makaranta, abin da idonsa ke fara gani shi ne haraba. Idan fili ya zauna tsirara, da hunturu ƙura ce take cika azuzuwa, da damina kuma ruwa ya kwashe ƙasa ya bar kwazazzabai har gindin gini. Maganin wannan shi ne ciyawa. Hanya mafi sauri ta samun ta ita ce a yanko ta falle-falle tare da saiwa da ƙasarta, a shimfiɗa kamar tabarma. A Turai da Amurka akwai gonaki na musamman da ke noma irin wannan ciyawa, inji ya yanka ya naɗe, a kai wa mai saye. A nan kuwa da shebur muke yi. Amma a lura: filin zai yi kore shar a yini ɗaya, sai dai ciyawar ba ta zama tamu ba sai ta kafa saiwa.

Wace ciyawa, kuma yaushe?

Wadda ta fi dacewa da ƙasarmu ita ce kiri-kiri, wadda masu lambu ke kira Bahama. Tana yaɗo a bisa ƙasa da kuma ƙarƙashinta, tana jure taku da zafin rana. Aibinta ɗaya, ba ta son inuwa, saboda haka ba ta yin kyau a gindin mangwaro ko darbejiya.

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, wato wajen watan Yuni. Ga dalili. Ciyawar da ta riga ta kama tana bukatar ruwa kimanin lita 25 a kowace murabba'in mita duk mako. Ɗan fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi a gaban ɗakin sujada zai sha lita 2,500, wato jarka 100 mai cin lita 25. Cikakken filin ƙwallo kuwa, mita 105 da 68, zai sha lita 178,500, kusan duro 900. Wace rijiyar makaranta ce za ta ɗauki wannan da bazara? Gara a bar sama ta yi mana ban ruwa.

Gyaran fili

A nan rabin aikin yake. A fara tone muggan ciyayi tun daga saiwa, musamman tofa da aya-aya, domin in an bar guntunsu za su ɓullo ta tsakiyar sabuwar ciyawar. A kafta ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15, a tsince duwatsu da fasassun kwalabe, a gauraya da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma zuwa da irin ƙarangiya. Sai a daidaita da manjagara, a bar ɗan gangare daga jikin gini zuwa waje don kada ruwa ya kwanta. A tattaka ƙasar ta zauna, a ɗan yayyafa mata ruwa kafin shimfiɗa.

Yanka da shimfiɗawa

A nemi izinin mai wuri kafin a yanki ciyawa a fadama ko bakin rafi. Kada a ƙwaƙule wurin gaba ɗaya. A yanki layi ɗaya a tsallake ɗaya, domin ta sake rufewa. Kowane falle ya kai kamar santimita 30 a kowane gefe, kaurinsa santimita 4 ko 5. A ɗauko a baro, a shimfiɗa a ranar da aka yanka, domin in an tara shi ya kwana biyu zai yi zafi ya koma rawaya.

A ja igiya don layin farko ya miƙe. A jera fallayen kamar yadda magini ke jera bulo, mahaɗar wannan layi kada ta yi daidai da ta wancan. A matsa su da juna ba tare da wani ya hau wani ba, a cike ƴan ramuka da ƙasa mai laushi. Mai aikin ya tsaya a kan katako, kada ya taka da ƙafa kai tsaye. Daga nan a daddanna da bayan shebur, domin saiwar da ke rataye a iska bushewa take yi. A ba ta ruwa nan take har ƙasar da ke ƙarƙashi ta jiƙe.

Kulawa

Makonni biyu na farko su ne masu haɗari. Duk ranar da ba a yi ruwan sama ba, a yi ban ruwa da sassafe, in rana ta yi zafi a ƙara da yamma. A kewaye wurin da igiya ko ƙaya saboda awaki da masu yanke hanya. Bayan mako biyu zuwa uku a ɗan ja gefen falle. Idan ya ƙi ɗagowa, saiwa ta kama. Daga nan a rage yawan bayarwa, amma a riƙa ba ta ta ƙoshi, don saiwar ta bi ruwa zuwa ƙasa.

Wajen yanka, ko da inji ko da langalanga, a tabbata akwai kaifi, kada kuma a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Takin zamani sai bayan wata ɗaya ko fiye, a watsa kaɗan a bi da ruwa. A riƙa duba gara, domin tana cin ciyawar da ƙishi ya raunana. Idan kiri-kiri ta yi fari da rani kada a ce ta mutu. Hutawa take yi, ruwan farko zai tashe ta.

Ƴan'uwa ɗalibai, waɗanda suka shimfiɗa ciyawa za su gama karatu su tafi, na baya ne za su raya ta ko su kashe ta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: in mun kiyaye ɗan filin da muke da shi, za mu iya faɗaɗa shi kowace damina daga jikinsa. Mu bi hanyar da aka shata, mu bar ciyawa ta huta.