Karatu ta waya: Shin manhajoji na ƙara wa ɗalibai maki?

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, wayar hannu ta zama aji na biyu ga ɗalibai da dama a Najeriya.

Akwai uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wadda gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta, da darussa har da na Hausa.

Manhajojin sun iya jan hankali: gajeren bidiyo, sai tambayoyi, sai sakamako nan take. Ɗalibin da ke jin kunyar ɗaga hannu a aji na iya maimaita darasi sau goma babu mai yi masa dariya.

Sai dai daɗewa a kan waya daban, fahimtar darasi daban, kuma iyaye ne ke biyan kuɗin data.

A ƙasar Peru, gwamnati ta raba wa ƴan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko karatu ba. An kai na'ura, koyarwa ba ta sauya ba.

A jihar Edo kuwa, wani gwaji da Bankin Duniya ya mara wa baya a 2024 ya haɗa ɗaliban sakandare da manhajar Microsoft Copilot na mako shida, bayan an tashi daga makaranta, suna koyon Turanci. Malamai na tsaye a kansu, suna jagorantar darasi da gyara kurakuran manhajar. Waɗanda suka shiga sun zarce takwarorinsu a jarrabawa, kuma masu yawan halarta sun fi amfana.

Haka aka gani a yankunan Dosso da Damagaram na Nijar a 2009 da 2010. Ƴan ajin yaƙi da jahilci da aka koya wa aika saƙon tes sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin wayar ta ba su damar bitar abin da malami ya koyar.

Rahoton UNESCO na 2023 ya yi gargaɗin cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kaɗai na iya ɗauke masa hankali.

Don haka kafin uba ko uwa su biya kuɗin manhaja, tambayar farko ita ce: wane ne zai riƙa duba abin da yaron ya koya?